Alobera da gashin dada: tambayoyin da ake yawan yi min a shago da amsoshinsu

Shekara takwas kenan ina ɗauke da dada a kaina, biyar daga ciki kuma ina murɗa wa mutane, maza da mata, kuma babu satin da zai wuce ba a tambaye ni maganar alobera ba, shukar nan mai kaurin ganye da ƙayoyi a gefe. Wani ya ji an ce tana haɗa dada cikin wata ɗaya, wata ta ji an ce tana tsiro da gashin goshi, wani kuma ya shafa kansa ya yi fari fat kamar an watsa masa gari ya zo yana min faɗa kamar ni na shuka ta. Shi ne na ce bari in tattara tambayoyin wuri guda in amsa iya abin da na gani da idona.

Anti, wai da gaske ne alobera tana haɗa dada da wuri?

A'a ƙanina, ba ta haɗawa. Abin da ke haɗa dada gashin ne da kansa da kuma lokaci. Kowane mutum kullum gashi kamar 50 zuwa 100 yana zubewa daga kansa, mai tajewa yana ganin nasa a jikin mataji ya zubar, kai kuwa mai dada naka ba ya zuwa ko'ina, nan ciki yake maƙalewa ya sarƙe da 'yan'uwansa, a haka a haka har silin ya yi tauri ya cika. Yawancin mutane sai sun yi shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin dadar ta nuna sosai, masu gashi mai laushi ma su wuce haka. Ita alobera kusan kashi 99 cikin 100 na abin da ke cikin ganyenta ruwa ne, sauran ɗan abin da ya rage shi ke ba ta wannan yauƙin, to yauƙin nan idan ya bushe yana ɗan riƙe sabon tsiro ya kwanta na 'yan kwanaki. Iyakar aikinta a wajen murɗi kenan. Duk wanda ya ce maka wata ɗaya, kuɗinka yake so.

To in ba ta haɗawa, me ya sa kike amfani da ita?

Saboda tana fita. Wannan shi ne babban dalilina, sauran duk ƙari ne.

Dada ba kamar kitso ba ce da za a tsefe bayan sati biyu a wanke a taje, duk abin da ka saka a ciki in bai bi ruwa ya fita ba to ya zauna kenan, shekara da shekaru. Akwai wani yaro da ya zo min da dada 'yar shekara uku, tun farko da kakin zuma aka fara masa sannan kullum yana bin ta da basilin, wani sili ya tsinke a hannuna na tsaga shi da reza don in nuna masa, wallahi cikin wani abu ne toka-toka mai danƙo kamar tuwon da ya kwana uku, ga zaren bargo ga ƙura duk sun manne, shi kansa sai da ya kau da kai. Kakin zuma ba ya narkewa a ruwa, basilin ma haka. Alobera kuwa da ruwa ya taɓa ta ta saki.

Bayan wannan tana sanyaya fatar kai, musamman ranar murɗi da kai ke ɗan zafi, kuma tana da ɗan tsami-tsami wanda ya yi kusa da na fatar kan mutum, shi ya sa gashi ke kwanciya ya yi santsi bayanta, ba kamar sabulu ba da ke barin shi a tsaye ƙiƙam.

Ya ake fitar da ruwanta daga ganyen?

Nan ne mutane suka fi yin ɓarna, don haka ku bi ni a hankali.

Ki zaɓi ganye babba mai kauri daga ƙasan shukar, waɗanda suka fi tsufa, ki yanke shi daga gindi. Da kin yanka za ki ga wani ruwa rawaya yana tsattsafowa mai ɗan wari mara daɗi, ɗaci kuwa kamar maɗaci, sinadarin da ke ciki ana ce masa alowin, kuma shi ne ke sa wasu ƙaiƙayi da jan fata har su ce alobera ba ta karɓe su ba. Ki tsayar da ganyen a cikin kofi, inda kika yanka yana kallon ƙasa, ki ba shi minti 15 zuwa 20 ya tsiyaye, ki zubar da rawayan ki ɗauraye ganyen. Sai ki fere ƙayoyin gefe biyu, ki cire koren bayan ta gefe ɗaya, ki sa cokali ki kankaro farar tsokar nan mai kama da ƙanƙara. Kar ki kankara har ki taɓo koren, a nan ɗacin yake. Ni har ɗauraye tsokar nake yi sau ɗaya kafin in zuba a bilanda.

Ki markaɗa kamar rabin minti, za ta yi kumfa fari, ki bar ta ta kwanta. Sannan ki tace. Ba da rariyar gari ba, ramukanta sun yi girma, kyallen tatar kamu za ki samu mai tsabta ko tsohuwar safa siririya da aka wanke, ki matse, ki sake tacewa karo na biyu. Abin da zai rage a kyallen za ki gan shi kamar dusa-dusa fari, to wannan shi ne da zai shiga cikin dadarki.

Ni kaina a nan na fara cin wuya. Farkon fara dadata na markaɗa na ga ai ta yi ruwa, meye na tacewa, na shafe kai tas na kwanta. Da safe na duba madubi na ga kamar amosani ya yi min ambaliya, fararen ɓurɓushi a kowane sili, ga biki muna da shi a ranar, haka na ɗaure kai da ɗankwali har gira. Sai da na yi wanki uku ƙanwata tana bi da tsinken sakace tana cirowa ɗaya-ɗaya tana min dariya.

Wadda ke bayan gidanmu mai ɗigo-ɗigon fari, ita ce ko wata ce daban?

Tana iya zama ita, don alobera tana ƙarama takan yi ɗigo-ɗigo, in ta girma su ɓace. Amma ku sani danginta sun haura 500, kuma akwai ta dajinmu da tsofaffi ke kira kabar giwa ko zabo saboda zanen ganyenta, 'yar'uwarta ce amma ba ita ba ce. Ita wannan da ake sayarwa asalinta daga yankin Larabawa ne, wajen duwatsun Oman, daga nan ta bazu duniya. Wadda kike nema ganyenta kauri gare shi, in kin yanka tsoka ce cike, ba siririn ganye mai yawan ruwan rawaya ba. Ko wacce ce ki fara gwadawa a cikin gwiwar hannu ko bayan kunne ki bar shi kwana ɗaya, in ya yi ja ko ƙuraje ki haƙura da ita.

Ba ni da shukar. In sayi ta roba da ake sayarwa a kanti?

Za ka iya, amma ka buɗe ido. Ruwan alobera na gaskiya ba kore ba ne, fari ne garai-garai, duk wadda ka gani kore shar kala aka zuba mata. Ka juya robar ka karanta jerin abubuwan da ke ciki, ana jera su ne daga mai yawa zuwa mai kaɗan, to in ba ka ga Aloe barbadensis, wato sunan alobera na kimiyya, a farko-farko ba sai can ƙasa bayan turare, ruwa da kala ka saya. In akwai alkohol a sama-sama ka ajiye, busar da gashi zai yi. Da yawansu kuma an zuba musu abin sa kauri, shi ne ke bushewa ya ɓare fari.

Gwajin da nake yi mai sauƙi ne, in shafa ɗan kaɗan a jikin madubi in bar shi ya bushe, in ya bar fari ko yana ɓarewa kamar fatar maciji ba zai hau kan kowa a shagona ba. Haka in za ka haɗa ta da wani mai, fara cakuɗa su a tafin hannu, in suka guntse kamar nonon da ya tsinke to a kanka ma haka za su yi.

Dadata watanta ɗaya kacal, zan iya fesa ta kullum?

Kar ki yi. Yauƙin da ke sa gashi laushi shi ne kuma zai sa sabon murɗi ya zame ya warware, ke kuma a yanzu so kike gashin ya sarƙe. Wata uku zuwa shida na farko ki bar ta sai ranar murɗi, a gindin gashi kawai. In ƙaiƙayi ya dame ki a tsakani ki ɗiga a yatsa ki bi tsagar da shi, kar ki taɓa silin.

Ya ake murɗi da ita?

A wanke kai tukuna, kar a taɓa murɗa kai mai datti ko busasshe ƙayau, gashi karyewa yake. Yana da ɗan danshi sai a lakato ruwan alobera da kan yatsa, kamar girman ƙwayar wake ya ishi sili ɗaya, a shafa a sabon tsiron, a murɗa ta ɓangaren da aka saba murɗawa tun farko, kar yau dama gobe hagu, a mirgina silin tsakanin tafin hannu biyu a kama da kilif. In an gama a busar sosai kafin a cire kilif ɗin, ko a diraya ko a zauna inda iska ke kaɗawa, don riƙon nata sai ta bushe yake kamawa.

Gaskiyar magana riƙonta bai kai na jel ɗin kanti ba. Kwana huɗu, biyar, sati in an yi sa'a kuma ana kwana da hular siliki, sai ka ga ƙananan gashi sun fara tasowa. Masu son kai ya yi sumul kamar an goge da dutsen guga sati uku ba za su ji daɗinta ba. Ni dai na fi son ɗan tashin nan a kan abin da zan tarar a ciki bayan shekara biyu.

Kuma don Allah a bar kai ya huta, sati 4 zuwa 6 tsakanin murɗi da murɗi. Masu zuwa duk sati biyu suna cewa a ja sosai, a ja har ido ya ɗage, su ne bayan shekara suke dawowa gaban goshi ya koma baya, gindin silin ya sirance kamar zaren ɗinki. In kin ga ƙananan ƙuraje a bakin tsaga ko kin kasa kwanciya daren murɗi to an ja da yawa, kuma babu aloberar da za ta gyara wannan.

Wane haɗi kike yi na feshi?

Nawa awon, cokali ɗaya na tatacciyar alobera, cokali uku na ruwan da aka tafasa ya huce, a ƙaramar robar feshi. Wani lokaci in musanya rabin ruwan da ruwan wardi don ƙamshi. Shikenan. Ba na zuba zuma, ba na zuba ƙwai, ba na zuba ayaba, waɗannan haɗe-haɗen na masu tsefe kai ne, a dada abincin ƙwayoyin cuta ne kawai.

Lokacin hunturu da iska ke tsotse komai har leɓe ya tsage, ina fesawa sau biyu ko uku a sati da safe, sama-sama, sannan in bi da ɗigo uku huɗu na man zaitun ko man kwakwa a tafin hannu, don alobera ita kaɗai a wannan iskar minti kaɗan ta bushe ta bar gashin ya fi da tauri, man ne ke tsare danshin. Sai dai mai da ƙura abokai ne, in za ki hau babur ki rufe kai. Man kaɗanya kuwa na bar wa ƙafa da gwiwar hannu, a cikin sanyi daskarewa yake a cikin sili. Da damina kusan ba na feshi sam, iskar ma a jiƙe take.

Kwana nawa take yi kafin ta lalace?

A firji mai sanyi kamar sati ɗaya. A firjin da wuta ke zuwa awa uku ta tafi, kwana biyu ma alhamdulillahi. A waje da zafin bazara kuwa yini ɗaya ta juya. In ta fara wari tsami-tsami ko kalar ta koma ruwan hoda ko ruwan ƙasa a zubar, ba a jayayya. Masu tsayayyar wuta su zuba a farantin ƙanƙara mai gida-gida ta daskare, su riƙa cire ɗaya duk ranar da suke so. Marasa wuta irina a da, kar ku markaɗa ganye guda gaba ɗaya, ku yanki iya na yau ku naɗe bakin sauran da leda ku ajiye a inuwa kusa da randa, ganyen da kansa ya fi kowace roba iya ajiye ta.

Tun da na fara shafawa kaina ke wani wari kamar kayan da aka jiƙa aka manta a bokiti. Ita ce?

Ba ita kaɗai ba, danshi ne, amma ta taimaka. Silin dada kamar igiya yake, waje zai bushe ka taɓa ka ji ƙalau alhali tsakiya a jiƙe take, mai kauri yana iya yini guda bai bushe ba. In kana ƙara masa ruwa kullum kafin na jiya ya fita fumfuna ce za ta kama ciki, warin da kake ji kenan. Mu mata abin ya fi kama mu, a fesa da safe a ɗaure da ribom a sa hula a ɗora ɗankwali a ɗora hijabi, kai ba zai ga iska ba sai dare, daren ma a kwanta a kai. Maza masu hular kwano da masu cusa dada cikin hula su ma haka.

Ka dakatar da duk wani feshi. Ka wanke da shamfu mara maiƙo, ka jiƙa dadar a ruwan ɗumi da aka zuba khal tuffa, kamar kashi ɗaya na khal kashi huɗu na ruwa, minti goma, ka ɗauraye sosai, ka matse sili-sili da tawul mara zubar da zare ko tsohuwar riga ta auduga, ka shiga rana ko diraya har sai ka matse mafi kaurin ciki ka ji babu sanyi. Wankin kai da safe ake yi, ba bayan isha'i ba. In an yi haka sau biyu uku warin bai tafi ba, wani lokaci sai dai a yanke wanda ya ruɓe, na sha faɗa wa mutane haka suna jin haushina.

Tana maganin amosanin kai?

Tana rage ƙaiƙayi da ɓarewar fata ga wasu, akwai ma wani ƙaramin bincike da aka yi a 1999 kan mutum 44 masu irin amosanin nan mai maiƙo, waɗanda aka ba alobera sun fi samun sauƙi. Amma mutum 44 ba yawa ba ne. Yadda nake yi wa masu shi, a shafa a fatar kai tsaga-tsaga minti 20 zuwa 30 kafin wanki sannan a wanke. In an yi sati uku babu canji a nemi shamfu mai ketokonazol a kemis, don amosani mai naci wani nau'in yis ne a fata ke hura shi, kuma yawan labta mai yana ƙara masa ƙarfi.

In kuwa wuri ne zagaye gashi yana karyewa yana fari-fari, musamman a kan yara, wannan makero ne, shi kuma yana cikin tushen gashi, na shafawa kaɗai ba ya kashe shi sai an haɗa da na sha na makonni. A kai yaro asibiti, kar a ɓata wata biyu ana shafa masa ganye yana raba wa 'yan ajinsu.

Tana sa gashi tsawo? Tana dawo da sanƙo?

Gashi kamar santimita ɗaya yake yi a wata, da alobera da babu. Sanƙon gado kuwa da tana maganinsa da babu mai sanƙo ko ɗaya a gidan da ake shuka ta.

Zan iya haɗa ta da sabulun salo?

Mutane da yawa suna yi, sai dai sabulun salo yana da kaifi irin na toka, kuma in ruwan rijiyarku mai gartsi ne yana barin wani fari-fari a gashi. Kar a goga dunƙulen a kan dada, ɓurɓushinsa shiga yake. A narkar da shi a ruwan zafi a tace, a wanke da ruwan, a ɗauraye har sai ruwa ya fita garau, sannan a zo da alobera daga baya. Zuba ta cikin sabulun asara ce, tare za su bi rariya.

Tana hana ruwa shiga lokacin wankan tsarki?

Ba ta hanawa, da ruwa ya sauka take narkewa. Masu wannan damuwar su fi sa ido kan kakin zuma da basilin, su ne ruwa ke zamewa a kansu. Abin da nake tuna wa masu yawan jiƙa kai shi ne su rage feshi, kan ya riga ya samu ruwan da ya ishe shi, busarwa ce aikinsu.

An ce in ana sha gashi ya fi kyau.

Ni ban ce ki sha ba. Ruwan rawayan nan yana sa gudawa da murɗar ciki, a Amurka ma tun 2002 hukumar kula da magungunansu ta cire shi daga magungunan sa bayan gida da ake saya ba takardar likita. Mai ciki da mai shayarwa da mai ciwon ƙoda kar su kusance shi.

Ina so in shuka tawa, tana da wuya?

Ko kaɗan. Ki roƙi maƙwabciya ta ciro miki ɗaya daga 'ya'yan da ke fitowa a gindin tata, da ɗan saiwarsa, ki bar shi kwana biyu a inuwa bakin ya bushe, ki dasa a tsohon bokiti ko fasasshiyar tukunya da aka huda ƙasanta, ƙasa rabi yashi rabi. Ruwa sai ƙasar ta bushe ƙarau, yawancin waɗanda tasu ta mutu da ruwa suka kashe ta, gindin ya ruɓe ya yi laushi. In ganyen ya koma ja-ja rana ta yi mata yawa, a matsar da ita inda take samun hantsi kawai. Da damina a janye bokitin daga bakin indararo. Kar ki fara yanka sai ganyen ya yi kauri ya kai tsawon tafin hannu da rabi, kuma kar ki cire fiye da biyu ko uku a lokaci ɗaya, ganye babba guda ɗaya yana isata murɗa kai biyu har in rage na feshi.